Yadda Ake Saukar 'Yan Uwa a Landan, a Zaga Gari da Su Ba Tare da An Jigata Kowa Ba

Duk wanda ya kwana biyu a Ingila ya san wannan wayar. A gaisa, a tambayi sanyi, a tambayi yara da karatu, can sai a sako maganar: "To, bana dai in Allah ya yarda muna so mu leƙo ku." Daɗi ya rufe ka. Kafin ka ajiye wayar kuma lissafi ya taso: ina za su kwana, kwana nawa za a ba ni a wurin aiki, me ke cikin asusu. Na sauki iyayena a Landan sau biyu, na sauki goggona, na sauki ƙanena da iyalinsa, kuma kowane zuwa da darasin da ya bar mini. Wanda ya fi zauna mini a rai shi ne, dattijon da ya bar gidansa ya ratso Sahara da teku, ɗansa ya zo gani, da jikokinsa, da irin zaman da suke yi. Gadoji da gine-gine ƙari ne a kai. Don haka duk tsarin da zan kawo a nan an auna shi ne da gwiwar wanda ya fi kowa shekaru a tafiyar.

Mataki na farko: a yi magana a fili tun kafin a nemi biza

Abu uku za ku daddale a waya: yaushe, kwana nawa, wa zai biya me. Mu Hausawa muna jin nauyin na ukun, amma kunyar da aka ji a waya ita ke zama ɓacin rai a falo. Idan kai za ka sayi tikitin jirgi, ka faɗa. Idan masauki da abinci da kuɗin zirga-zirga kawai za ka iya, ka faɗa da ladabi: "Baba, in kun iso komai na wuyana, tikiti ne dai zan so Yaya ya kama mini."

Lokaci mafi sauƙi ga tsofaffi daga Mayu ne zuwa Satumba. A Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu na yamma, azahar da la'asar da magariba suna bin juna kamar ana kora su, ga sanyin da ke shiga ƙashi. A Yuni kuma magariba sai tara da 'yan mintuna, alfijir yana ketowa tun wajen uku na dare. Kowanne da nasa, amma hasken bazara ya fi yi wa baƙo daɗi. Mako biyu zuwa uku ya isa zuwan farko. Mai cikakken aiki a Birtaniya kwana 28 doka ta ba shi na hutu a shekara, wurare da yawa kuma har da ranakun hutun ƙasa a ciki. Kada ka zuba su duka a makon farko. Ɗauki kwana uku na tarba, biyu ko uku a tsakiya, biyu na sallama, ka haɗa da Asabar da Lahadi.

Mataki na biyu: biza

Bizar baƙunta ce, wadda suke kira Standard Visitor. Ana cikewa ta intanet a shafin gwamnatin Birtaniya, ana iya nema tun saura wata uku tafiya, amsa kuma takan fito cikin mako uku bayan mutum ya je an ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Naka aikin shi ne takardar gayyata: wane ne kai, mene ne alaƙarku, ranar zuwa da ranar komawa, adireshin da za su sauka, da abin da ka ɗauki nauyi. Ka haɗa da shaidar izinin zamanka, takardar hayar gida, takardun albashi da na banki. Su kuma abin da ake so a gani shi ne abin da zai mayar da su gida: aiki, fansho, kasuwanci, gona, iyali.

Abu biyu nake roƙon kowa. Kada a ranto kuɗi a jibga a asusun tsoho ana saura mako guda, wanda zai duba takardun ya san asusun da ya kumbura dare ɗaya. Kada kuma a bar wani ɗan cike-cike ya rubuta abin da ba haka yake ba, domin ƙarya a takardar biza tana iya jawo a hana mutum shiga ƙasar har shekara goma. Bizar takan ce wata shida, amma in mako uku aka rubuta, a yi mako uku a koma. Wannan shi ke sauƙaƙa zuwa na gaba. Kuma kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai biza ta fito.

Mataki na uku: abin da zai shiga jaka

Nan ne ake yawan yin asara, kuma asarar mai ciwo ce, saboda abin da uwa ta haɗa da hannunta ne ake zubarwa. Doka ta hana shigo da nama da duk abin da aka yi da madara daga ƙasashenmu. Kilishi, dambun nama, soyayyen naman layya, man shanu, cuku, duk ba sa wucewa. Goggona ta yini uku tana haɗa dambun kaza, ta ƙulle a leda biyu, aka karɓe a filin jirgi. Har muka isa gida ba ta ce uffan ba, ni kuma na san da na yi mata bayani tun da wuri da abin bai faru ba. Ka kira su kana kallonsu ta bidiyo ranar da ake ɗaure kaya, ka faɗi abin da ba a so da bakinka.

Abin da ke wucewa yana da yawa. Busasshen kifi an yarda da shi har kilo 20 ga mutum ɗaya, zuma har kilo 2, dabino ma ba laifi. Garin kuka, busasshiyar kuɓewa da aka daka, yaji, daddawa, a ƙulle su da kyau a rubuta sunan kowanne a jiki. Ɗanyen kayan lambu da yawancin 'ya'yan itace kuwa sai da takardar shaidar lafiyar tsirrai, gara a bar su. Idan ana shakkar wani abu, a bi ta jar ƙofar kwastam a nuna shi. Tsabar kuɗi in sun kai fam 10,000 dole a bayyana.

Magani ya fi komai muhimmanci. Mai hawan jini ko ciwon suga ya taho da abin da zai ishe shi har ya koma, da ƙarin na mako guda, cikin kwalinsa na asali, tare da takardar likita, kuma a jakar hannu. A nan ba a shiga kemis a ce a ba ni maganin hawan jini a miƙo. Magunguna irin su tiramadol doka tana sa musu ido sosai, ba a shigowa da su sai da takardar likita mai sunan mutum. Ka saya musu inshorar lafiya ta matafiya kafin su taso. Ganin likita a sashen gaggawa kyauta ne ga kowa, amma da zarar an kwantar da baƙo a asibiti za a caje shi ninki ɗaya da rabi na kuɗin aikin, kuma bashin asibiti da ya kai fam 500 yana iya hana shi biza nan gaba.

Kayan sanyi kada su wahalar da kansu, kai ka tanada: rigar sanyi mai kauri, safa, hula, laima. Takalmi dai su zo da wanda ƙafarsu ta saba da shi, mai rufi, marar tsini.

Mataki na huɗu: gida

Gidajen Landan ƙanana ne, kowa ya sani sai wanda bai zo ba. Ka ba iyaye ɗakinka, kai ka koma falo ko ɗakin yara. In haya kake, duba takardar yarjejeniya, wasu masu gida sun iyakance kwanakin da baƙo zai yi. In kana zaune da wasu a gida ɗaya, ka sanar da su tun da wuri.

Ka ajiye buta a banɗaki, da silifas, da tsumman goge ƙasa, domin banɗakunan nan ba su da magudana a ƙasa, ruwan alwala in ya taru ɗigowa yake wa na ƙasanku. Nuna musu yadda ake haɗa ruwan zafi da na sanyi a famfo. Shimfiɗa sallaya ka nuna alƙibla: a gida an saba cewa gabas, a Landan kuwa gabas maso kudu ce. Manna jadawalin lokutan salla na masallacin unguwa a jikin firij. Turaren wuta kuma a yi hankali da shi, ƙararrawar hayaƙi da ke jikin silin ba ta bambance turaren Hajiya da gobara. Ƙaramin kasko na lantarki da taga a buɗe sun wadatar. Abu ɗaya da ba zai ba da wahala ba shi ne soket, irin namu ne mai baki uku.

Cika kicin kafin su iso. A Rye Lane da ke Peckham akwai doya, manja, attaruhu, kuɓewa ɗanya, kayan ciki da naman halal. Tuwon shinkafa da miyar kuka a daren farko ya fi duk wani gidan abinci da za ka kai su.

Mataki na biyar: tarba

Daga Abuja ko Legas kai-tsaye tafiyar awa shida da 'yan kai ce. Wanda ya taso daga Kano sau da yawa sai ya yada zango a Alƙahira ko Adis Ababa ko Doha, ya iso a gajiye liƙis. In tsoho ne, ka nema masa keken turawa a wurin kamfanin jirgin aƙalla kwana biyu kafin tafiya. Kyauta ne, kuma ma'aikaci zai tura shi tun daga ƙofar jirgi har ya wuce jami'an shige da fice. Baba ya ƙi da farko, ya ce shi ba majinyaci ba ne. Da ya ga tsawon tafiyar da ke cikin Heathrow, a komawa shi ya tuna mini.

Ka tura musu takarda ɗaya su buga su riƙe a hannu: sunanka, adireshinka, lambar wayarka, kwafin takardar gayyata da tikitin komawa. Jami'i zai tambayi wurin wa aka zo, kwana nawa za a yi. A amsa gajere, a amsa gaskiya. Kai kuma wayarka ta kasance a kunne, ana iya kiranka. Tabbatar da tashar da jirgin zai sauka, Heathrow tashoshi huɗu ke aiki kuma ba duka ne suke kusa da juna ba. Ka zo da rigunan sanyin a hannu. Da manyan akwatuna huɗu da tsofaffi biyu, ɗauki mota. Idan matasa ne, ku hau jirgin ƙasa: layin Elizabeth da aka buɗe a 2022 yana da fili kuma duk tashoshinsa akwai lif, layin Piccadilly ya fi araha amma matsattse ne.

Kwana biyun farko kada a je ko'ina. A yi barci, a ci abinci, a kira gida. Agogo ba zai rikita su ba: daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacin Ingila da na Najeriya da Nijar ɗaya ne, sauran watanni Ingila na baya da awa guda. Da yamma ku taka zuwa masallacin unguwa da kantin kusa, su san hanya. Sa musu layin waya na nan, WhatsApp ɗinsu zai ci gaba da aiki da lambar gida. Rubuta adireshi a ƙaramin kati kowa ya sa a aljihu, da lambar 999 ta gaggawa da 111 ta neman shawarar lafiya. Sannan ka koya musu tsallaka titi. Motocin nan hannun hagu suke bi, yadda Najeriya take kafin 1972, don haka motar da za ta fara iso ka daga dama take tahowa. Wannan ba abin wasa ba ne, ka riƙe hannun tsoho har idonsa ya saba.

Mataki na shida: zirga-zirga

Ka bar motarka a gida. Tsakiyar gari akwai harajin shiga, wurin ajiye mota kuma tsada. Saya wa kowane babba katin Oyster, na biyan kuɗin bas da jirgin ƙasa, ka zuba kuɗi. Kowa da nasa, ba a taɓa kati ɗaya wa mutum biyu. Bas ba ta karɓar tsabar kuɗi tun 2014. A jirgin ƙarƙashin ƙasa ana taɓawa a shiga, a taɓa a fita, a bas kuwa shiga kawai, kuma in ka sauya bas cikin awa ɗaya ba a sake cajinka. Akwai iyakar abin da za a cire a yini, in an kai ta sauran hawan kyauta ne. Yara 'yan ƙasa da shekara 11 ba sa biya in suna tare da babba.

Ku fita bayan tara da rabi na safe, kuɗin ya fi sauƙi, cunkoso ya ragu, ku dawo kafin huɗu. Yawancin tsofaffin tashoshi matattakala ne zalla, don haka duba taswira ka zaɓi masu alamar keken turawa. A matattakala mai tafiya da kanta ana tsayawa a dama. Ka yi yarjejeniya da kowa: in ƙofar jirgi ta rufe ta raba mu, wanda ke ciki ya sauka a tasha ta gaba ya tsaya cak, wanda ke waje zai biyo. Ga tsofaffi ni bas na fi so. Ana zaune ana ganin gari, ba hawa ba sauka.

Mataki na bakwai: yawon kansa

Wuri ɗaya a yini, in ya yi yawa biyu da ke kusa da juna. Yini ɗaya a fita, yini ɗaya a huta. Zuwan iyayena na farko na jera musu wurare biyar a rana guda, kafin la'asar ƙafar Hajiya ta kumbura, kwana biyu ba ta sauko daga gado ba. Tun daga nan na daina ƙirga wurare. Kafin ka tsara komai ka tambaye su: "Me kuke so ku gani?" Amsar za ta ba ka mamaki.

Baba cewa ya yi a kai shi inda ake watsa labaran BBC. Mutumin da ya yi shekara hamsin rediyo na kunnensa, Landan a wurinsa murya ce kafin ta zama gari. Sashen Hausa ya fara ne ranar 13 ga Maris 1957, ya yi shekaru masu yawa a ginin Bush House da ke Aldwych kafin a tashi daga nan a 2012 a koma Broadcasting House kusa da Oxford Circus. Bush House yanzu yana hannun jami'ar King's College. Daga waje kawai muka tsaya, ya ɗaga kai ya daɗe yana kallo, yana lissafo mini muryoyin da ya sani tun yana saurayi. Bas mai lamba 15 tana bi ta nan daga dandalin Trafalgar, ta wuce majami'ar St Paul, ta kai ka Tower of London da gadar Tower Bridge da aka gama a 1894. Da kuɗin bas ɗaya an ga rabin abin da motocin masu yawon buɗe ido ke cajin kuɗi mai yawa a kai.

Kashegarin hutu sai Greenwich, domin duk mai sauraron rediyo ya san "agogon GMT". Ku hau jirgin ruwa daga Westminster, a gindin hasumiyar Big Ben, ƙasa da awa ɗaya kun isa, kuna zaune gari na wucewa ta gabanku. A kan tudun Greenwich ne layin da aka amince a 1884 ya zama mafarin auna lokacin duniya yake, mutum ya sa ƙafa ɗaya a gabashin duniya ɗaya a yammaci. Tudun yana da tsayi, a hau a hankali, akwai bencina a hanya. Shiga farfajiyar da layin yake sai da tikiti, amma tsohon agogon nan mai awa 24 yana jikin bango a waje, kowa na iya gani.

Fadar Buckingham kowa zai so hoto a gabanta. Sauyin masu gadi wajen ƙarfe sha ɗaya ake yi, ba kullum ba, sai ka duba ranakun, kuma cunkoson yana hana gajere ganin komai. Ga wanda ya taso yana kallon hawan sallah, Horse Guards ya fi: dawakai ne ƙosassu da mahaya cikin sulke da jan kaya, kusa da kai, mutane kuma ba su kai na fada ba. Daga nan ku ratsa lambun St James a ƙafa, ku zauna bakin tafki ku ci guzuri. Kafin ku kai fadar, ta hannun dama, akwai Lancaster House, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Awolowo da Azikiwe suka zauna taron tsarin mulki a 1957 da 1958, a na biyun aka tsayar da 1 ga Oktoba 1960 ranar 'yancin kai. Ba a shiga, amma ka nuna wa yaranka a gaban kakansu, shi zai ƙarasa musu labarin.

Gidan tarihi na British Museum kyauta ne, sai dai ka yanki tikitin lokaci ta intanet don gudun layi, kuma suna ba da aron keken turawa. Kada ku ce za ku gama shi. Ɗaki biyu sun isa: na Afirka a ƙasa, inda tagullan Benin da sojojin Birtaniya suka kwaso a 1897 suke, da na duniyar Musulunci a sama. Ku ba wa ɗakin Afirka lokaci, zai tayar da hira mai nauyi, kuma hirar tana da amfani ga yaran da aka haifa a nan.

Juma'a ta farko a kai su babban masallacin Regent's Park mai ƙubba ruwan zinariya, wanda aka gama a 1977. Ku je da wuri. Hajiya ta ce ba ta taɓa tsayawa sahu ɗaya da kalar mutane masu yawa haka ba in ba a Makka ba. Juma'a ta biyu masallacin Gabashin Landan a Whitechapel, a fito a ci abinci a nan unguwar. Mai son tarihi a kai shi Woking, ƙasa da awa ɗaya daga tashar Waterloo, ya ga masallacin Shah Jahan na 1889, na farko da aka gina musamman don salla a Birtaniya. Kowace fita ka san inda azahar za ta same ku, ku fita da alwala, da ƙaramar sallaya da gorar ruwa a jaka, domin banɗakunan waje babu buta. Gidajen tarihi da manyan tashoshin jirgin ƙasa banɗakinsu kyauta ne.

Matasa kuma nasu daban: filin Emirates na Arsenal, Stamford Bridge na Chelsea, ko Old Trafford a Manchester, awa biyu da 'yan mintuna daga tashar Euston. Ana biya a zaga da mutum har ɗakin sauya kaya. Tikitin jirgin ƙasa na nesa a saya tun da makonni, kuma katin rangwame na 'yan shekara 60 zuwa sama ko na iyali yana rage kashi ɗaya cikin uku. Bizar Birtaniya tana kai mutum Sukotland da Wales, amma ba ta shiga Faransa. In ana son Faris, sai an nemi bizar Schengen, ta shiga ƙasashen Turai irin su Faransa, tun daga gida. Kada ka yi alkawarin da fasfo ba zai cika ba.

Mataki na takwas: ranakun da kake wurin aiki

Wannan ne ɓangaren da ba a ɗauka a hoto, kuma shi ya fi wuya. Mutumin da a gida ƙofarsa ba ta rufuwa, wannan ya shigo gaisuwa wancan ya kawo ƙara, yau ga shi a bene na huɗu daga shi sai taga. Kwana uku a haka sai ka ji ya fara tambayar ranar komawa. Ka bar abinci a dafe, ka nuna yadda ake ɗumamawa. Kunna musu tashoshin Hausa ta intanet. Kira su da azahar ko na minti biyu ne. Haɗa Baba da wani dattijo a masallacin unguwa, su riƙa tafiya tare. Sanar da 'yan garinku da ke nan cewa iyaye sun zo, za su zo gaisuwa, wasu su ɗauke su yini. Zumunci a ƙafa yake, kuma yinin da Hajiya ta yi a gidan wata 'yar unguwarsu a Barking, suna tuƙa tuwo suna lissafin dangi, shi ta fi ba da labari da ta koma.

In da aure a gidan, ku yi magana da mai ɗakinka ko maigidanki kafin baƙi su iso: wa zai dafa, wa zai raka, yaushe kowa zai samu ya numfasa. Nauyin saukar surukai kada ya faɗa kan mutum ɗaya. Abin da tsoho ya gani bai yi masa ba, na tarbiyyar yara ko na yadda miji ke wanke kwanuka, a saurare shi da ladabi, a yi bayani in an natsu da dare.

Mataki na tara: kasuwa da tsaraba

Ware yini biyu cur, kusa da ƙarshe amma ba jajibirin tafiya ba. A rubuta sunayen waɗanda za a yi wa tsaraba tun a gida, a sa wa kowa iyaka. Kayan yara da jakunkuna da takalma, Primark na titin Oxford ko manyan kantunan Westfield a Stratford, inda akwai ɗakin salla da wurin zama. Leshi da atamfa da shadda, shagunan da ke bayan tashar Liverpool Street. Turare da abaya, Whitechapel ko Green Street ko Edgware Road. Ranar Lahadi manyan kantuna awa shida kawai suke buɗewa. Tun Janairun 2021 an daina mayar wa baƙi harajin kaya a filin jirgi, kada a sa shi a lissafi. Alewa da cakulan a duba jikin leda, wasu akwai sinadarin alade a ciki, mai alamar halal ko ta masu cin ganye zalla ita ce ta kwanciyar hankali.

Shaguna da yawa kati kawai suke karɓa, katin bankin gida kuma ba abin dogaro ba ne a nan. Ka ba kowane babba 'yan fam a hannu tun ranar farko, a keɓe, ba a gaban yara ba, don kada uba ya riƙa tambayar ɗansa kuɗin ruwan sha. Za su riƙa juya kowane farashi zuwa naira suna salati. Ka bar su, amma kada ka bari hakan ya hana su cin abinci a waje ko sau ɗaya.

Mataki na ƙarshe: sallama

Sayi ƙaramin ma'auni na rataye. Yawancin jiragen da ke zuwa Najeriya jaka biyu suke bayarwa, kowace kilo 23, amma duba abin da ke kan tikitinsu. A ɗaure kaya a auna saura kwana biyu. Masu kawo saƙo za su yi ta zuwa, ka tsaya a tsakani: ba a karɓar ƙullin da ba a buɗe an gani ba, kuma in jaka ta cika ta cika. Turare da duk wani mai ruwa su shiga babbar jaka. Daren ƙarshe kada a fita, a zauna a gida, a ɗauki hoto da jikoki, a nemi addu'a. Ka tura musu hotunan tafiyar gaba ɗaya, ka wanke guda goma a takarda, domin su ake zagawa da su a zaure.

Ku isa filin jirgi saura awa uku. Akwai ɗakin salla a kowace tasha ta Heathrow. Ka tabbatar an rubuta keken turawa a komawa ma, kuma wanda zai tarbe su a Abuja ko Kano ya san lokacin sauka. Kada ka bar filin sai sun kira sun ce suna bakin ƙofar jirgi. In sun isa gida, ka ce su adana guntun tikitin shiga jirgi, su ɗauki hoton hatimin da aka buga musu a fasfo ranar da suka sauka su turo maka, ka ajiye tare da takardun bizar, za a neme su ranar da aka sake cewa ana so a leƙo ku.